Tudun da Magini Ya Gina

Kwanon siminti na farko ya zube a tsakiyar titi, Magini ya durƙusa ya hau baje shi da cokalin gini. Maƙwabta sun tare hanya da benci da tsoffin tayoyi, suna miƙo masa yashi da tsakuwa hannu da hannu. Motocin da suka saba wucewa kamar an harbo su suka yi cirko-cirko, direbobi na danna oda suna zage-zage.

"Ƙara masa, Injiniya," in ji mai shagon da ke kallon gidansa. "Gina tudun nan yadda duk wanda ya taka sai ya tuna ranar da aka yaye shi."

Aka kwashe da dariya. Magini bai ko murmusa ba.

Da can titin nasu lungu ne, yara na buga ƙwallo a cikinsa. Da aka shimfiɗa masa kwalta sai direbobi suka gano yana yanke musu cunkoson babbar hanya, suka mai da shi filin tsere. Ba gefen masu tafiya a ƙasa, ba fitila, ba layin tsallakawa. Wata safiya matarsa, wadda tela ce, ta fita sayo zare a shagon nan na tsallake. Mota ta kwashe ta, ba ta tsaya ba. Ƙafar dama ce ta karye, wadda take taka keken ɗinki da ita. Yanzu ƙarfe ne a ciki, keken kuwa an lulluɓe shi da zane, ya koma wurin ajiye magunguna.

Magini ya yi ta zarya a ofishin kula da tituna har masu gadi suka fara gaishe shi kamar ma'aikaci. Kullum amsar ɗaya ce: kwamiti zai zo ya duba. Da ya ga kwamiti ya ƙi zuwa, ya ɗauko cokalinsa.

Tela ta dogaro sanda ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon aikin.

"Maigida, tudun nan ya yi tsayi."

"Tsayin nake so."

"Ai ba duk mai wucewa ne ya buge ni ba."

"A cikinsu akwai wanda ya tsaya?"

Ta sunkuyar da kai. "To ko farin fenti a shafa masa, a riƙa hango shi."

"Fenti a wuyana," in ji mai shago, yana dukan ƙirji. "Ki koma ki huta, matar Injiniya."

* * *

Tudu ya yi aikinsa. Mata suka riƙa tsallakawa ba tare da tattare zane suna gudu ba, tsofaffi suna sa wa Magini albarka. Da yamma yakan zauna a benci yana sauraron yadda cikin motoci ke gurzar siminti, direba ya leƙo ya yi tsaki. Duk ƙarar da ya ji sai wani abu ya ɗan saki a ƙirjinsa.

Fenti bai zo ba. Kullum mai shago gobe yake cewa, goben kuwa ba ta da ƙafa. Magini na da ragowar gwangwanin fenti a bayan ɗaki, ya sani, matarsa ma ta sani. Amma a can ƙasan ransa ya fi son direba ya ci karo da tudun ba shiri, ya ɗanɗani firgicin da ya saba jefa mutane a ciki. Sannu a hankali tayoyi suka baƙanta simintin har ya saje da kwalta.

Ran nan da yamma aka sheƙa ruwa, aka ɗauke wuta. Magini na bakin ƙofa yana yashe sharar da ta toshe kwata, sai ya hango wani dattijo a kan keke yana gangarowa, ya rufe hularsa da leda. A bayansa wata bas ce, ta matse shi da oda. Dattijon ya waiga hagu, kwata ce cike da ruwa. Ya waiga hagu, motoci ne ke tahowa. Ba wurin kaucewa, sai ya ƙara taka keken don ya ba ta hanya a gaba.

Direban ya san da tudun, ya taka birki. Dattijon bai sani ba, ruwa kuma ya shafe kan tudun.

Magini ya buɗe baki, amma kafin murya ta fito tayar gaba ta daki siminti. Mutumin ya tashi sama, ya sauko da ka a kan gefen kwata. Bas ɗin ta kewaye keken, ta haura tudun a hankali kamar mai ladabi, ta wuce.

Da ƙyar wani mai tasi ya yarda ya ɗauke su. Magini ya zauna a baya, kan dattijon a cinyarsa, jini mai ɗumi na ratsa wandonsa. Da motar ta zo haura tudun sai ta girgiza, kan ya ɗaga ya koma, mutumin ya yi wani nishi siriri. Magini ya runtse ido.

* * *

Barandar asibitin ba baƙuwarsa ba ce. A kan wannan benci ya zauna lokacin da ake ɗora ƙafar matarsa. Yana nan zaune wata mace ta shigo a jiƙe, takalmi ɗaya a hannu. Ma'aikaciyar jinya ta nuna mata shi, ta zo ta durƙusa.

"Baba, an ce kai ka kawo mahaifina. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan iyaye."

Ya amsa a maƙoshi.

Ta zauna a ƙarshen bencin, maganar na zubo mata ba tare da an tambaye ta ba. Mahaifinta mai gyaran agogo ne a bakin kasuwa. Tun tana goye yake hawan keken nan, ko ƙwarzane bai taɓa yi ba.

"Ni na matsa masa," ta ce, tana murza bakin mayafinta. "Na ce ya daina bin babbar hanya, manyan motoci sun yi yawa. Na ce ya riƙa bi ta cikin unguwa, ya fi kwanciyar hankali. Yau ne ya fara jin maganata."

Magini ya dubi hannayensa. Akwai busasshen siminti a ƙarƙashin faratansa, jini ya bi ya kwanta a kai. Ya so ya ce mata ta sauke wannan kaya, ba nata ba ne. Sai ya ɓoye hannayen a tsakanin gwiwoyinsa.

Da ya koma gida Tela ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ɗora masa ruwan wanka, ta jiƙa wandon a bokiti.

"Ya jikin nasa?"

"Bai farfaɗo ba."

Bai kuwa farfaɗo ba. Washegari da la'asar ya cika.

* * *

Mako bai zagayo ba sai ga motar ofishin tituna, da leburori masu diga, da wani jami'i cikin riga mai ƙyalli.

"Wa ya gina wannan abin?"

Mai shago ya duƙufa jera gwangwanaye. Waɗanda suka miƙa yashi kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Ni ne," in ji Magini.

Jami'in ya yi masa dogon karatu a kan doka, ya ce tudu yana da awo da alama, ba kowane mai cokali ke taɓa titin gwamnati ba, kuma za a neme shi a ofis.

"Na san ofishin, ranka ya daɗe. In kun fasa wannan, za ku sa mai awon?"

"Za a duba."

Simintin ya yi ƙarfi, don Magini ba ya ha'inci a aiki. Sai da leburorin suka yi gumi har azahar kafin su share shi.

Kashegari ranar ganin likitan Tela ce, wurin hawa mota kuma yana tsallake. Ya riƙe mata gwiwar hannu suka tsaya a bakin kwalta. Direbobi har sun sami labari, iskar wucewarsu na kaɗa mata mayafi.

"Yanzu?" ta tambaya.

"Tukuna."

Ta ɗora bakin sandarta a kan kwalta, wata mota ta taho, ta janye. Suka ci gaba da tsayuwa.