Gashin Uwa, Girman Uba

Tun da mijinta ya yi ritaya, mai ɗinkin filo ba ta sake samun sakat ba. Mutumin da bai taɓa zuba wa kaza tsaba ba ya wayi gari masanin kiwon dinya, 'yar uwar agwagwa, albarkacin bidiyon waya. Maƙwabta suka laƙaba masa Farfesa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Dinyoyinta ƙanana ne, amma gashin ƙirjinsu kamar auduga. Daga wurin mahaifiyarta ta gaji irin. Duk lokacin da suke zubar da gashi takan ɗora su a cinya ɗaya bayan ɗaya, ta tsefe lallausan, ta cika filo da shi. Namiji ɗaya ne ya rage a garken, tsoho mai ɗingishi, kuma da shi kaɗai irin zai ɗore.

Ran nan Farfesa ya shigo da wani ƙaton namijin dinya a bayan mota, wuya tsirara, ƙirji duk sanƙo.

"Kin gani? Shi girma, naki gashi. In aka haɗa, 'ya'yan za su ɗauko girman uba da gashin uwa."

"Wa ya faɗa musu abin da za su ɗauko, Maigida?"

"Kimiyya ce, ba za ki gane ba."

Kimiyyar ce kuma ta ce tsohon zai ɓata tsari. Ta roƙe shi a killace shi kawai a bayan kicin. Ya ce to. Da ta dawo daga kai filo sai ta tarar da tukunya a kan wuta, Farfesa yana ɗanɗana romo. Ranar ta yi kuka sosai, kuma ba ta ci ba. Shi ya cinye cinyoyin duka biyu, yana ƙorafin naman ya yi tauri.

Aka yi ƙwai, aka ƙyanƙyashe. Farfesa ya riƙa shigo da baƙi har cikin keji yana musu lacca. Wata ya bi wata, 'ya'yan suka gama girman da za su yi, wato daidai iyayensu mata, ko ɗan yatsa ba su ɗara ba. Ƙirjin kuwa na uban ne sak. Sun kuma gado cinsa, don buhun dusa ba ya kwana biyu a gidan.

Da lokacin tsifa ya zo, ta shimfiɗa zane a tsakar gida, ta bi su kaf. Abin da ta samu bai cika hular Farfesa ba. Tsofaffin matan da ta dogara da su sun fara daina ƙwai, guda ma ta mutu da damina.

Farfesa ya leƙa hular, ya gyara tabarau.

"Haka ake yi a haihuwar farko. A ta biyu ne sakamako yake fitowa. In bai fito ba, sai a mayar da su kan irinki na asali, shi ke nan an gyara."

Ta kakkaɓe zanen a hankali, ta ninke shi.

"Madalla. Da wane namijin za a mayar da su?"

Farfesa ya waiwaya wajen kejin, sannan ya dubi tukunyar da ke kife a ƙofar kicin.