Kwat ɗin Imrich

Jiniyar safe ta masana'anta ba ta gama kuka ba aka shigo da Vendel Hudak layin a kan amalanke, an lulluɓe shi da buhu har wuya. Aikin yini da kwana ya yi, wanda ake yi duk sati biyu idan za a juya ma'aikatan rana su koma dare, ana dab da tashi ƙugiyar ɗaga ƙarfe ta kuɓuce ta same shi a ƙirji. Maƙwabcinsa Imrich na tsaye a ƙofa da kwanon abincinsa, kuma Allah na gani, abin da ya fara zuwa ransa shi ne: yau ma duk layi Vendel ake kallo.

Ƙauyensu ɗaya a ƙasar Sulobak, jirgi ɗaya ya kawo su, masana'antar ƙarfe ɗaya ke shan guminsu a nan Pennsylvania ta Amurka. Amma a shekararsu ta farko Vendel ya aika hoto gida: baƙar kwat, sarƙar agogo a kan ciki, ya dafa kujera sai ka ce shi ya gina Amurka. Tun daga nan duk wasiƙar da uwar Imrich ta sa aka rubuto, ƙarshenta ɗaya ne: "Ɗan Hudak ya zama mutum. Kai fa?"

Shekara tara wannan "kai fa" tana cin Imrich. Abin da ya fi ƙona masa rai, ko coci Vendel bai taɓa sa kwat ɗin ba. In an tambaye shi sai ya kashe ido ya ce, "Tana hutawa." Wato mu ba mu isa gani ba! Imrich ya bar taba, ya bar giya, bana ya sayi tasa kwat ɗin, ya ninke a akwati yana jiran bikin Ista ya je wajen mai hoto.

Kwana biyu Vendel ya yi a kwance, a ɗakin da ke warin dafaffen kabeji. Imrich ya leƙa.

"Ɗan garinmu," in ji Vendel, numfashi na yankewa, "ka zo ka tabbatar ne?"

"Kai ɗin? Ko mutuwa ce sai ka yi mata yanga tukuna."

Vendel ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Ranar Talata da rana ya cika.

A al'adarsu, kafin a tafi maƙabarta akan jingina akwatin gawa a buɗe a ƙofar gida, dangi su kewaye shi, a ɗauki hoto a aika ƙauye. Wannan ne ya kawo Terezia, matar mamacin, gidan Imrich, ta tsaya tana murɗa bakin gyalenta.

"Maƙwabci, kayan da za a sa masa ne babu."

"Babu? Ina kwat ɗin da aka hana mu sakat da ita?"

"Ta mai hoto ce. Aro yake bayarwa. Sarƙar ma babu agogo a jikinta, da allura aka maƙala ta."

Wani daɗi ya taso wa Imrich tun daga ciki, daɗin da shi kansa ya ji kunyarsa. Nan take ya hango hoton: Vendel a kwance cikin rigar aiki mai ƙuna, shi kuwa a tsaye cikin sabuwar kwat. Ƙauye ya gani da idonsa!

"Uwarsa tana raye," in ji Terezia. "Ganin ƙarshe ke nan da za ta yi masa."

Judita, matar Imrich, ta ci gaba da feraye dankali ba ta ɗago ba. "Maigida, makullin akwatinka yana ƙarƙashin matashi."

"Na tambaye ki? Ko sau ɗaya ban sa ta ba fa! Ƙasa za ta ci!"

Ya yi tsaki, ya shiga ciki, aka ji akwati ya yi ƙara.

Abin haushi, kwat ɗin da ta ɗan yi wa Imrich yawa a kafaɗa, ta zauna wa Vendel ɗas kamar don shi aka ɗinka. Matan layi sai cewa suke, "Kai, dubi mutum! Har ƙarshe ɗan gayu."

Imrich ya cije leɓe. Ya riga ya san abin da wasiƙa ta gaba za ta ce.

Mai hoto ya cusa kai cikin baƙin ƙyallensa, ya sake fito da shi, ya dubi Imrich. "Kai mai rigar aiki, matsa gefe. To, kada kowa ya motsa."

Iska ta juyo daga wajen masana'anta, kunkunniya ta fara sauka a hankali. Ɗigo ɗaya ya faɗa a wuyan kwat ɗin. Imrich ya daure, ya daure, ya kasa. Ya miƙa hannu ya kaɗe shi.

A hoton da ya isa ƙauye, kowa ya fito sarai, ban da wani hannu dishi-dishi a kan ƙirjin Vendel.