Kwamin Alwalar Inna Hajo

Tun da Inna Hajo ta zame a bakin rijiya ta bugu a ƙugu, likita a Malumfashi ya hana ta tsugunawa. Da sanda take tafiya, a zaune take salla. Ɗanta Awaisu ya sa mata masai na zama a makewayinta, wannan matsalar ta kau. Alwala ce ta rage. Fuska da hannuwa tana iyawa in an riƙe mata buta, amma hannunta ba ya kai wa ƙafa. Sai matar Awaisu, Lauratu, ta durƙusa ta wanke mata.

Lauratu ba ta taɓa nuna gajiya ba. Inna Hajo ce ba ta iya kallon surukarta riƙe da ƙafarta. Don haka ta yi wata dabara ba tare da ta gaya wa kowa ba: alwala ɗaya da asuba, ta riƙe ta har isha'i. Kuma don kada alwalar ta karye, ta daina shan ruwa da rana. Ga bazara ta shigo garinsu Dayi da zafinta.

Babbar 'yarta Sakinatu, wadda ke aure a Malumfashi, ita ta gane. Ta zo gaisuwa ta tarar da leɓen uwarta ya tsage, furar rana tana rufe ba a taɓa ba.

"Inna, azumi kike yi?"

"Ke wannan, kin cika tambaya." Da yake 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba.

"To sha ruwa in gani."

"Ina da alwala."

A hanyar komawa gida Sakinatu ta tuna abin da likita ya ce, cewa tsoho in ya rasa ruwa a jiki ƙoda ce ke fara gazawa. Washegari ta shiga motar Funtua.

A layin masu kayan famfo ta samu shagon Alhaji Maiwada, dattijo mai son hira. Ta yi masa bayani tun daga rijiya har zuwa furar. Ya nuna mata kwamin wanke hannu na tangaran, sannan shi da kansa ya girgiza kai.

"Wannan ba zai yi ba, Hajiya. Na hannu ne. Ta ɗora masa ƙafa yau, ta ɗora gobe, wata rana ya tsage ya yanke ta. Zo ki ga wani."

Can ciki ya janyo wani kwami mai faɗi, marar zurfi, launin madara da siraran zane ruwan toka.

"Mabul ne?"

"Mabul na haɗi. Garin dutse ake kwaɓawa da wani irin ƙaro, a zuba a mazubi ya daskare. Kin ga babu mahaɗa ko ɗaya da datti zai maƙale. Samansa kuma an shafe shi da siririn ƙyalli, shi ke hana ruwa shiga. Ƙyallin nan shi za ku kula da shi. Tsumma mai laushi da sabulu, shi ke nan. Ban da soson waya, ban da tafasasshen ruwa, kada kuma a wanke lalle a ciki."

Sakinatu ta shafa shi da tafin hannu, ta duba ƙasansa ko akwai tsaga, ta ƙwanƙwasa gefensa. Ta zaɓi famfo mai dogon wuya wanda ake ɗagawa da yatsa, ba na murɗawa ba. Aka naɗe kwamin da kwali da tsohon bargo, ta zauna da shi a kan cinyarta har Dayi don kada direba ya ɗora masa buhun masara.

Mai gyaran famfo, Mannir, ya zo da ma'auninsa ya ja layi a bango daidai ƙugunsa.

"Malam Mannir, wa zai yi alwala a can sama?" in ji Sakinatu.

"Hajiya, haka ake sawa. Ko a otal haka ne."

"Inna ba otal za ta ba. Ƙafa za ta sa."

"Ƙafa? Ai in na kafa shi a ƙasa, abokan aikina suka gani, cewa za su yi kwamin shan ruwan awaki na yi."

Inna Hajo, da ke jin su daga kan kujerarta, ta ce, "Awakin ma sun fi ka sanin inda bakinsu ke kaiwa."

Mannir ya yi dariya ya goge layinsa. Aka shigo da kujerar Inna cikin makewayin. Sakinatu ta ajiye bulo a gabanta ta ce ta ɗora ƙafa. Hannu bai kai ba. Aka ƙara katako a kai, ya kusa. Aka ƙara wani siriri, sai ga yatsun Inna sun kama diddigenta ba tare da ta yamutsa fuska ba. Nan Mannir ya ja sabon layi. Ya gina ɗan dakali na siminti don kwamin ya zauna a kai gaba ɗaya, nauyin ƙafa kada ya rataya a bango. Ya jawo bututu daga ƙaramin tankin da Awaisu ya ɗora a bayan ɗaki. Ruwan da zai fita kuwa, Inna ta ce a kai mata shi gindin zogalenta, ruwan alwala ba na kwata ba ne.

Da siminti ya bushe, Inna ta shiga ita kaɗai ta sakaya ƙofa. Suka ji ƙarar ruwa. Ta daɗe. Ta fito ƙafafunta a jiƙe, kuma ranar ta shanye furarta.

Kafin Sakinatu ta tafi ta koya wa Lauratu yadda ake wanke kwamin, ta bar mata tsumma mai laushi. Inna ce kaɗai ba ta yi wa bayanin ba. Bai zo mata a rai cewa mai ciwon ƙugu za ta yi wankin kwami ba.

Ta manta wace ce uwarta. A unguwarsu, in ana maganar tasoshi masu ƙyalli, na Hajo ake kawo misali. Abin da take so, shi take gogewa, kuma abin gugarta ɗaya ne tun tana amarya: toka da lallausan yashi. Ganin ɗan dattin sabulu a gefen kwamin, ta sa sanda ta je murhu ta ɗebo toka, ta zauna ta dirje shi da ƙarfinta duka. Da ta ɗauraye, ƙyallin ya tafi. Tsakiyar kwamin ta yi fari-fari kamar bangon da aka shafa wa farar ƙasa, ga ƙananan zane ko'ina.

Ta samo babban faranti ta kife a kai. Ta ce wa Lauratu famfon ya lalace, kada a taɓa shi. Ta koma alwalar asuba ɗaya, ta koma ƙin ruwa.

Lauratu ce ta kira Sakinatu a waya. "Yaya, Inna ta sake rufe furarta."

Sakinatu ta iso da hantsi. Ta gaishe ta, ta wuce makewayi ta ɗaga farantin. Ta ɗaga famfo, ruwa ya zubo lafiya lau. Ta ga ɗan ragowar toka a kusurwa. Ta dawo ta zauna a tabarma kusa da ƙafar uwarta.

"Inna, toka kika ba shi?"

Inna ta kau da kai. "Na ɓata miki abu. In na ƙara taka shi, ƙarasa shi zan yi."

"Shi ya sa za ki zauna da ƙishi? Bari mu ji daga bakin mai shi."

Ta kira Alhaji Maiwada ta sa a ji muryarsa. Da ya ji labarin sai ya yi dariya.

"Hajiya Babba, ba ke ce farau ba. Rabin kwamin da na sayar wa mutanen ƙauye toka suka fara ci. A sa farce a ja a kan zanen. Yana maƙalewa?"

Sakinatu ta je ta gwada. "Ba ya maƙalewa."

"To sama-sama ne, bai huda ƙyallin ba. Ku je wajen masu fentin mota, ku samo samfefa, takardar gugar nan, mafi laushi, wadda ake jiƙawa da ruwa, da man goge mota. A bi shi da samfefar a hankali, a bar shi ya bushe, sannan a sa man a yi ta zagayawa da tsumma. Aikin haƙuri ne. Akwai mai hannun guga a gidan?"

"Akwai," in ji Lauratu daga bakin ƙofa. "Ita ce ta jawo mana aikin."

Inna ta harare ta, amma gefen bakinta ya motsa.

Bayan azahar Sakinatu ta dawo daga Malumfashi da kayan. Ta jiƙa samfefar ta bi kwamin da ita sannu-sannu har zanen ya baje. Da ta buɗe gwangwanin man, Inna ta buga sanda a ƙasa.

"Miƙo nan. Ke guga kike yi ko shafa kan jariri?"

"Inna, a hankali aka ce."

"Na ji da kunnena."

Aka matso mata da kujera. Da yake an kafa kwamin daidai inda hannunta ke kaiwa, ba ta buƙaci sunkuyawa sosai ba. Ta laƙato man, ta fara zagayawa da tsumma, ƙanana-ƙananan da'ira, ba ta tsallake ko'ina ba. Da farko babu abin da ya canja. Can sai wani ɗan wuri a gefe ya kama hasken taga. Ta matsa gaba. Hasken ya bi hannunta. Siraran zanen nan ruwan toka suka fito sarai, har Lauratu da ta leƙo ta ga ɗankwalinta a ciki.

"Ya fi ranar da aka kawo shi," in ji Sakinatu.

"Da ma mutanen Funtua ba su iya guga ba."

Ladan ya kira la'asar. Inna ta kore su waje, ta yi alwalarta, ta fito tana ɗigar ruwa. Ta tsaya a tsakar gida ta dogara da sanda.

"Lauratu, miƙo min ruwan randa."

Lauratu ta kawo moɗa cike. Inna ta kafa kai ta shanye, ta miƙa a ƙaro. Ta shanye wannan ma, ruwa yana bin haɓarta.

"Inna, alwalar fa?" in ji Sakinatu da gangan. "In ta karye kafin magariba?"

"Ta karye mana. Ga famfo."

Ta goge baki da gefen mayafi, ta ce a dama mata fura da nono mai yawa kafin ta idar da salla. Sannan ta nuna gwangwanin man da kan sandarta.

"Wannan kuma a kai min ɗakina. Kada wadda ta taɓa min kwami."