Gurbin Taƙi Uku

Tun hantsi Nakkan masassaƙi yake tsaye gindin bangon arewa na haikalin Kurumbur, ya zuba wa aikinsa ido. Layi goma sha ɗaya ya sassaƙa a dutsen, suna shaida cewa hakimi Sendan ya ba da tumaki casa'in don a riƙa zuba man nononsu a fitilar da ake kunna wa mahaifiyarsa a haikalin har abada. Aikin ya yi kyau. Sai dai a farkon layi na ɗaya akwai gurbi fayau, babu ko harafi.

A wannan gurbi ake sa sunan babban sarkin da gari ke bi, da shekarar mulkinsa. Shekara talatin Kurumbur na bin gidan sarautar Pandiya masu tutar kifi, sai bara waccan Sendan ya ga iska ta juya, ya je ya faɗi gaban gidan Chola masu tutar damisa. Shi dai Sendan mutum ne da ba ya tsayawa sai inda inuwa take. Kwana ashirin da suka wuce, da rundunonin biyu suka ja daga a bakin kogi, ya zo ya tsaya bayan Nakkan ya ce a bar wurin sunan tukuna.

"Gurbi nawa zan bari, ranka ya daɗe?"

"Taƙi uku."

"Ai sunan mai damisa da kirarinsa ba sa shiga ƙasa da taƙi bakwai. Na mai kifi ne ke cin uku."

"Na tambaye ka? Auna ka wuce."

Nakkan ya auna ya wuce. Mai damisa kuma ya ci yaƙi.

Wakilin da mai damisa ya aiko, Adittan, tsoho ne siriri, ba takobi a jikinsa, sai dakaru ɗari biyu da ya bari a ƙofar gari, daidai unguwar da 'yar Nakkan take jego. An shimfiɗa masa ganyen ayaba, an zuba shinkafa da nono, Sendan na ta zuba rantsuwar biyayya. Tsohon ya wanke hannu ya ce shi bai cika jin magana ba, kunnensa ya yi nauyi, bango ya fi son karantawa.

Haka ya bi haikalin yana bin rubutu da yatsa, jama'a na biye da shi tsit, har ya zo bangon arewa. Ya karanta layukan sau biyu. Sannan ya ɗora tafinsa a gurbin.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Nakkan.

"Hannunka na da kyau, Baba. Kawo shi nan."

Ya kama wuyan hannun Nakkan, ya baje masa yatsu, ya ɗora a dutsen. Ɗaya. Biyu. Uku. Babban yatsan ya dira a farkon gurbin, na tsakiya ya tsaya cif a bakin harafin farko. Adittan ya yi murmushi, jan ganyen taunawa ya bayyana a haƙoransa.

"Ubangidana ya rame ne haka? Yanzu na gan shi a bangon kudu, ya ci taƙi bakwai. Wane baƙo kuka share wa ɗan wurin nan?"

Gumi ya wanke tokar ibada da ke goshin Sendan, tana gangarowa ta gefen hancinsa.

"Abu biyu ne," in ji tsohon, ba tare da ya ɗaga murya ba. "In umarnin hakimi ne, to gari ya ci amana, kuma yarana da ke ƙofa sun san aikinsu. In kuskuren ma'aikaci ne, magana ce tsakanina da yatsan da ya auna. Baba, wanne ne?"

Nakkan ya dubi Sendan. Ya so ko da kalma ɗaya ce ya ji daga bakinsa, ko da ƙarya ce mai ɗan rufin asiri. Hakimin ya sunkuyar da kai yana gyara zobensa. Wani baƙin ciki ya kama Nakkan, har ya ji gaskiyar ta zo bakin harshensa, tana da daɗin faɗi kuwa. Sai ya tuna rufin ganyen kwakwa na ɗakin 'yarsa, yadda ya bushe ƙayau a wannan rani, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

"Sabo ne, ranka ya daɗe. Shekara talatin ina buɗe rubutu da taƙi uku. Kaina ya san an sake ubangida, hannun ne bai ji labari ba."

"Sakarai!" Sendan ya daka tsawa, muryarsa ta dawo masa nan take. "Tsohon banza, ka so ka ja mana bala'i!"

Adittan bai ko waiwaye shi ba. Ya daɗe yana kallon Nakkan, kallon wanda ya gane komai, ya kuma zaɓi amsar da ta fi sauƙin kai wa fada.

"To. Akwai wani masassaƙin a garin nan?"

"Babu."

"Sai ka hau ka sa sunan ubangidana cikakke a dutsen da ke saman rubutun. In ka gama, ka kawo mini babban yatsan. Gurbin kuwa kada a cike shi, a bar wa hakimi ya riƙa gani."

Kwana uku Nakkan ya yi a kan dandamalin gora, guduma na faɗa wa ƙarfe, kowane harafi na matso da shi kusa da wuƙa. Bai yi sauri ba, bai kuma ja lokaci ba, domin dakarun na nan a ƙofa suna cin shinkafar gari. Sendan ya aiko masa da sabon mayafi, ya mayar. A rana ta uku da azahar ya sauko ƙasan rubutun, inda mai aiki ke sa hannu, ya sassaƙa cewa Nakkan na Kurumbur ne ya yanka waɗannan haruffa. Ya hure ƙurar, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa.

Mai wuƙa na jira a wajen ƙofar haikali, don ba a zubar da jini a ciki. Nakkan ya naɗe ƙarafansa a tsumma, ya ajiye su gindin bango. Har ya taka zai tafi sai ya dawo, ya baje hannunsa a gurbin, ya sake aunawa. Uku ne cif, ko ƙwayar shinkafa bai kuskure ba.

Sannan ya fita.