Lakar Tabki Tana Jin Yunwa

A littattafan da Sakina ta karanta a jami'a, cikin lakar teku ake binne farantai masu tsada don a samu lantarki. Damagaram kuwa ina ta ga teku? Sai ta ƙona ƙwallon goriba, ta daka gawayin, ta matse shi ya zama faranti biyu, ta binne ɗaya a lakar tabkin da ke bayan gidansu a gefen Birni. Ɗayan farantin ta bar shi yana yawo a saman ruwa. Ƙananan halittun cikin laka suna cin ruɓaɓɓen abu, gawayi na karɓar lantarkin da suke saki, waya na kawo shi har zaure, inda wani ɗan ƙwan fitila yake ci.

Iya Fanta, uwar mijinta, ba ta so abin ba.

"Tabkin nan duk damina sai ya ci mutum. Bana bai ci ba, ke kuma kin ja masa igiya har cikin gida."

"Iya, waya ce."

"To, bokanya. Waya ce."

Da fitilar ta fara dushewa, Ummul Khairi, 'yar Sakina mai shekara huɗu, ta tambayi dalili. Sakina na tankaɗe, ta amsa ba tare da ta ɗago ba: "Abincin lakar ne ya ƙare. Yunwa take ji."

Ba a jima ba fitila ta dawo, har ta fi da. Malam Tanimu, mai duba aikinta, ya zo ya gani da idonsa, ya ce kada a taɓa komai sai an gama awo, don digirinta na cikin wannan hasken.

Amma Sakina ta san gawayinta, ba ta canza masa komai ba. Abin da ya canza shi ne tuwon Ummu, wanda yanzu ba ya saura a kwano. Sai busasshen kifi ya ragu a madafa. Sai ɗan tsako ya ɓace.

Ran nan da la'asar ta idar da salla, ta ga fitilar zaure tana kumbura tana lafawa, a hankali, kamar numfashin mai barci. Ta kira Ummu. Babu ita a gidan. Ta bi waya da gudu, ko takalmi babu.

Yarinyar na tsaye cikin ruwa har cinya, hannu ɗaya riƙe da waya, ɗayan da kwano babu komai. Ko iska ba ta motsi, amma wayar a miƙe take tamau.

"Ummu, zo nan."

"Mama, ta ce ba ta ƙoshi ba."

Sakina ta shiga ta sungume ta. Laka ta riƙe ƙafar yarinyar, sai da Sakina ta fizga sannan lakar ta saki, takalmi ɗaya ya tafi. Ta goya ta, ta ɗaure zane da kyau, ta koma gida ta ɗauko almakashi.

A zaure Iya Fanta ta dubi ƙafar jikarta.

"Me za ki gaya wa malamin naki?"

"Zan sake binne wani farantin a bokiti."

Ta datse wayar a bakin ƙofa, fitila ta mutu. Guntun da ke waje ya ja jiki cikin rairayi, sannu sannu, ya nufi tabki. Sakina ta sa sakata.