Layin Yaya a Jerin Masu Kula

Kwana goma sha biyu da rasuwar Yaya, Auta ta koma ofis ta tarar da saƙo. Ɗan ƙarin da Yaya yake kula da shi, wani ƙaramin shirin kwamfuta, ya ƙi tafiya da sabon kompaila, wato manhajar da ke juya rubutun masu shirye-shirye zuwa abin da na'ura ke ganewa. In Juma'a ta wuce babu gyara, za a cire shi daga kanel, zuciyar tsarin kwamfuta.

Aikin ɗan ƙarin shara ne. Duk sanda shiri ya gama amfani da wurin ajiyar wucin gadi, sai ya bi bayansa ya goge, don kada ɓarawo ya tsinci sirrin mutane. Shekara tara Yaya yana lallaɓa shi.

Ta karanta saƙon sau uku, ba ta ji komai a ranta ba. Ta duba, ashe sunan wani aiki ɗaya aka sauya a sabon kompailan. Ta sauya, ta gwada, ya tafi.

Tana shirin aikawa, sai Dogo, abokin aikin Yaya, ya leƙo da kofin shayi ya tambaye ta ko ta gaida Kaka. Haka Yaya yake kiran tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinsa, mai ɗauke da tsofaffin kompaila biyar. Bai taɓa aika gyara ba sai ya fara da mafi tsufa.

"Ƙanwata, kin yi wa amarya kwalliya kin bar tsofaffi ba zane," in ji Dogo.

Ta durƙusa ta kunna Kaka. Takalman sawun Yaya na nan gefenta, ta ɗan matsar da su. Gyaran ya faɗi a uku cikin biyar. Sai ta sa sharaɗi: sabo ya bi sabon suna, tsoho ya bi tsoho. Bayan la'asar duka suka wuce, ta aika.

Ranar Alhamis amsa ta zo. An karɓa, an yi ta'aziyya a layi guda. Saura abu ɗaya: a jerin masu kula har yanzu sunan Yaya ne, kuma ba a barin aiki babu mai shi.

Ta buɗe jerin. Dogo ya ce zai iya yi mata, ta girgiza kai. Ta goge layin Yaya, ta rubuta nata sunan, ta duba ko ta yi kuskuren harafi. Babu.