Zaman Mashkura da Baffa Jaji

Tun tana ƙarama a Yalwawa, Mashkura ce mai sasanta ƙawaye in sun yi faɗa, don haka ba wanda ya yi mamaki da ta zaɓi karatun ba da shawara ga masu ciwon damuwa. A shekararta ta ƙarshe aka tura ta wani asibiti a Dutse ta koyi aiki a hannun Hajiya Safiyatu, wadda ta yi furfura a wannan fanni.

Hajiya ba ta jima ba ta gano rauninta. "Baki kam kina da shi," in ji ta, "amma mutum bai gama magana ba kin miƙa masa mafita. Ki riƙa bari ya kai aya."

Wata safiya wani magidanci mai suna Yahuza ya kawo mahaifinsa, Malam Jaji, daga wata ruga a ƙasar Miga. Ambaliya ce ta tafi da kusan dukan garkensa. Tun daga nan dattijon ya daina fita, abinci sai an matsa masa, barci ma ya ƙaurace masa. Likita ya duba shi, ya ba shi magani, ya turo shi wurinsu. Hajiya ta nuna wa Mashkura kujerar da ke kusa da shi, ita ta koma gefe.

"Baffa, sannu da hanya. Ya jikin?"

"Da sauƙi," ya ce, idonsa a kan sandarsa.

Daga nan sai shiru. Mashkura ta buɗe baki za ta ce ya yi haƙuri, sai ta tuna babu wanda bai gaya masa haka ba a ruga. Ta haɗiye maganar. Shirun ya yi mata tsawo. Can ta ce, "Baffa, a cikin shanun naka wacce ta fi tsaya maka a rai?"

Dattijon ya ɗago kai. Kafin yau, abin da kowa yake tambayarsa shi ne nawa suka mutu.

"Wule," ya ce a hankali. "Mai farin goshi. Jikar saniyar mahaifiyata ce. Ta riga ta haye tudu fa, 'yata, sai ta jiyo kukan maraƙinta ta koma. Ina ji tana kira, na kasa isa gare ta."

Ya yi ta ba da labari har hawaye suka jiƙa masa gemu. Mashkura ma idonta ya cika.

Bayan sun tafi, Hajiya ta ce, "Hawaye ba laifi ba ne. Amma ke ma kina bukatar inda za ki sauke nauyin abin da kike ji. Duk Alhamis ki zo mu zauna, ni da ke."

Malam Jaji ya ci gaba da zuwa. Wani zuwan ya yi hira, wani zuwan ya zauna kawai. Ranar da Mashkura ta daure ta tambaye shi ko ya taɓa tunanin cutar da kansa, ya ce ya sha fatan kada ya wayi gari. Da izininsa ta sanar da likita, suka kuma zauna da Yahuza a kan yadda za a riƙa kula da shi a gida.

Sauƙi ya zo a hankali. Ya fara fita masallaci. Wani ɗan'uwansa ya ba shi aron karsana, kamar yadda makiyaya ke yi wa juna, ya koma korar ta kiwo da hantsi.

Da lokacin koyon aikinta ya cika, Mashkura ta gaya masa Hajiya ce za ta ci gaba da ganinsa. Sai ya sa mata albarka da Fillanci, Yahuza yana fassarawa.

Bayan ta gama karatu ta samu aiki a Taura. Ɗakin da aka ba ta ƙarami ne, tagarsa na kallon wurin jiran marasa lafiya. Abin da ta fara nema shi ne labule, don masu zuwa wurinta su samu sirri.